Wasiƙa: 'Yan uwana masu walda, kar ƙamshin kuɗin mai ya sa mu kori mai injin markaɗe

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ina roƙon ɗan fili a jaridar nan taku in yi magana da 'yan uwana masu walda da ƙere-ƙeren ƙarfe, da kuma masu riƙe da harkar man fetur a ƙasar nan in Allah ya sa maganar ta kai kunnensu.

Abin da ya taso da maganar shi ne, satin da ya wuce wani ƙanina a sana'a, yaro ne mai hannu wallahi, in ya ja maka layin walda kamar an zana da biro, ya same ni a shago bayan la'asar yace Oga shawara nazo nema. Wai fili gare shi a bayan gari da ya saya da guminsa, yana so ya sayar ya haɗa da bashin banki ya sayi babban injin walda mai amfani da man gas, irin wanda ake ja da mota, saboda wani ya faɗa masa za a fara raba ƙananan kwangiloli na bututun iskar gas ɗin nan na AKK, wato Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, da kuma aikin haƙar mai na Kolmani, kuma wanda bai da manyan kayan aiki ba za a ko kalle shi ba. Ina jin haka gabana ya faɗi, don kamar ni nake magana shekara goma sha da suka wuce. Na bashi labarina har aka kira magariba, da na koma gida kuma na kasa barci, nace wannan magana ta fi ƙarfin mutum ɗaya, gara in rubuto.

Ni a Panteka ta Kaduna na koyi aiki tun ina yaro, daga share shago da riƙe wa oga ƙarfe har aka fara bani filaya in ɗiga. Wajen 2004 wani kawuna direban tanka ya ɗauke ni zuwa Fatakwal, ya haɗa ni da wani yadi a Trans-Amadi inda ake ƙera kayan kamfanonin mai. A can na gane ashe waldar get da taga da muke yi a gida daban, waldar fayif daban. Can ba ruwansu da kyan fuskar aiki kawai, in ka gama sai an kawo na'ura an ɗauki hoton cikin waldar kamar yadda ake wa ƙashi a asibiti, in aka ga ɗan rami ko ƙwaya ɗaya na iska a ciki a sa maka jan fenti, ka sa giranda ka cinye ka sake daga farko. Sandar waldar ma ba a barinta a sarari, akwai wadda sai an ajiye ta cikin ɗan akwati mai zafi don kar ta sha laima. Na koyi waldar agon, wadda ake yi da iskar agon, na zauna jarrabawar da suke kira 6G, wadda ake kafa maka fayif a karkace ba ka da ikon juya shi, kai ne zaka bi shi ta ƙasa ta gefe ta sama. Sau biyu ina faɗuwa a na uku na ci. Ranar na yi kuka don murna, ban ɓoye ba.

A 2010 aka sa hannu a dokar nan da ta ce a riƙa ba 'yan ƙasa fifiko a ayyukan mai da gas, aka kafa hukumar da ke kula da ita a Yenagoa. Gaskiya dokar ta buɗe ƙofa, ba zan ci amanarta ba. Ayyukan da da ake ƙerowa daga waje aka fara yinsu a nan, manyan 'yan kwangila suka fara neman ƙananan shaguna da za su rage musu aiki. A 2011 na buɗe wurina. Daga lokacin har tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai tana sama da dala 100 kusan kullum, aiki kuwa kamar ruwan Agusta. Muna ƙera kwandunan ƙarfe da ake loda kaya a kai cikin teku, da matakalai, da makaran da ake riƙewa, da ƙafafun da fayif ke zama a kai, da ƙananan tankuna. Yara goma sha huɗu ne a ƙarƙashina, Hausawa da Inyamurai da 'yan Ogoni da Ibibio, tukunya ɗaya muke ci. Na karɓi bashi na sayi injina uku da janareta babba, na kama fili na biyu haya, na biya shekara biyu gaba ɗaya. Duk wanda ya ce min in yi a hankali sai in ga kamar baƙin ciki yake min.

Akwai abu ɗaya da har yau in na tuna shi sai naji nauyi a ƙirjina. Wata rana da safe wata mata ta zo da injin gurza rogo a bayan amalanke, ƙafar da ke riƙe da injin ta tsage, tana ta roƙo a ɗan ɗiga mata don mutane na jiranta da rogo a jiƙe. Aikin minti goma sha biyar ne bai fi ba. Ina tsaye da takardar oda a hannu, ko kallonta ban yi sosai ba nace wa yaro ya faɗa mata mu mun daina irin wannan aikin. Ta tsaya jim, ta juya amalanken da kanta ta tsallaka titi wurin wani dattijo da ke da 'yar rumfar kwano da tsohuwar taransifoma ɗaya wadda aka naɗa da hannu. Ina hangensa ya ajiye abincin da yake ci ya durƙusa a ƙasa ya gyara mata. A raina a lokacin har tausayinsa nake ji, ina cewa bawan Allah ya tsufa a kan aikin naira ɗari biyu.

To daga tsakiyar 2014 farashin mai ya fara gangarowa, daga wajen dala 115 har ya zo ƙasa da dala 30 a Janairun 2016. Mu a yadi ba mu san me ake ciki a kasuwar duniya ba, mun dai ji ana cewa Amurka ta samo dabarar fasa dutse tana fitar da mai da yawa, su Saudiyya kuma sun ƙi rage haƙowa. Abin da muka gani da idonmu shi ne waya ta daina ƙara. Kuma nan ne nake so masu karatu su fahimci yadda abin yake, don mutane na ɗauka rashin sabon aiki ne ke kashe shago. Rashin aiki ana jure shi, ka rage yara, ka kashe janareta, ka ci tuwo da miyar kuka har Allah ya kawo sauƙi. Abin da ke kashe shago bashi ne ta fuska biyu, wanda ka ɗauka lokacin da kake ganin daɗin ba zai ƙare ba, da wanda kake bin na sama da kai ya ƙi biya.

Kaga yadda sarƙar take, babban kamfani ya ba babban ɗan kwangila aiki, shi ya yanka ya ba matsakaici, matsakaici ya yanko ya bamu. Kuɗi kuma ta hanyar nan yake gangarowa, kowa sai ya ƙoshi kafin ya miƙa wa na ƙasa, mu ne a ƙarshen layi. Amma wurin kashe kuɗi mu ne a farko, don mu ke sayen fileti da angul da fayif da sandar walda da iskar gas da fenti, mu biya yara duk sati, kafin a ba mu ko sisi. Ba kafin alƙalami, takarda ce kawai a hannunka mai cewa za a biya bayan kwana 30. A ƙarshen 2015 na kammala wa wani kamfani aiki mafi girma da na taɓa yi, ba zan kama suna ba, na ɗauki ƙarfen bashi a wurin dila lokacin dala tana 197 a farashin gwamnati. Aka zo aka duba aiki aka sa hannu aka kwashe a tirela. Kwana 30 ya zama 90, ya zama wata shida. In naje ofis sai a ce manaja ya yi tafiya, ko a ce su ma ba a biya su ba, wata rana tun bakwai na safe nake zaune a benci wurin mai gadi har biyar na yamma ban ga kowa ba. Ana cikin haka a 2016 tsagerun Neja Delta suka dawo da fasa bututu, mai da ake haƙowa ya ragu sosai, a watan Yuni aka saki naira, kafin farkon 2017 dala ta kai wajen 500 a kasuwar bayan fage. Dila yace shi fa da sabon farashi zan biya shi tunda da dala yake shigo da kaya, banki kuma ruwa na ta hawa ba ruwansa da manaja ya yi tafiya. Da aka tashi biyana bayan wata goma sha huɗu, ba a cika ba, kuma abin da aka bayar ko rabin ƙarfen ba zai sake saya ba.

Injinan nan uku da na ci buri a kansu na sayar da su kusan a farashin gwangwan, don kowa a unguwar sayarwa yake ba mai saye. Yarana suka watse, wani ya koma acaɓa, wani Keke Napep, wanda ya fi kowa iya agon a cikinsu na gan shi yana sayar da ruwan leda a bakin tasha, ya ganni ya sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar. Ranar da nake loda ragowar kayana zan dawo Kaduna a 2017, dattijon nan na tsallaken titi yana nan a rumfarsa, mutum huɗu na jiransa a layi, mai baro da mai injin niƙa da wani da ƙofar shago a ka. Ya taso ya taya ni ɗaura kaya, ya yi min addu'a da yarensu. Shi farashin ganga bai taɓa shiga tsakaninsa da abincinsa ba, don ko mai ya koma dala goma sai an gurza rogo an ci garin kwaki.

Da na dawo gida da inji ɗaya na sake farawa, a wata 'yar rumfa da wani aminin mahaifina ya bani aro. Abin da na raina shi ya rufa min asiri. Get, ƙofa, ƙarafan taga, gadon ƙarfe na 'yan makarantar kwana, ƙafar tankin ruwa, kurar 'yan ga-ruwa, gyaran garmar shanu in damina ta matso, injin casar masara in kaka ta yi. Yanzu ga teburin sola da kowa ke so a ɗora masa a rufi, ga murhun gawayi da mata suka koma wa tunda gas ɗin girki ya yi tsada. Kuɗin ba yawa amma a hannu ake baka, ka karɓi rabin kuɗi ka sayo ƙarfe, ka gama a cika maka, ba benci ba mai gadi. Ina kuma taɓa gyaran tankokin mai na direbobin da ke tsayawa Mararrabar Jos, kuma a nan bari in ɗan ratse in roƙi yara masu tasowa, dan girman Allah kar wanda ya kusanci tankin mai da wuta don direba yace ai babu komai a ciki. Tankin da ba komai shi ya fi kisa, tururin da ya rage shi ke tashi. A wanke, a buɗe duk murafe ya sha iska, a cika da ruwa in da hali, in direba na sauri ya tafi wani wurin. Mun binne mutane a kan wannan gaggawar.

A 2020 da korona ta zo mai ya sake faɗuwa, har a watan Afrilu aka wayi gari a Amurka farashinsa ya koma ƙasa da sifili, mai kaya ne ke biya a kwashe. Abokaina da suka rage a Fatakwal suka sake shiga irin ramin da na faɗa. Mu nan kulle ya dame mu ƙwarai, Kaduna ta daɗe a rufe, amma da aka ɗan sassauta sai ga aikin abin wanke hannu da ake takawa da ƙafa, makarantu da asibitoci da masallatai suna nema, da shi muka ci abinci wata da watanni. Ban ce ba mu ji jiki ba, amma ba wanda ya zo ɗaukar min inji.

Sai dai kar wani ya ɗauka wanda ya bar aikin mai ya tsira daga mai, ina! A ƙasar nan in mai ya faɗi naira ta faɗi ƙarfe ya yi tsada, tunda fileti da fayif mai kyau daga waje suke zuwa, masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta da aka fara ginawa tun kafin a haifi yawancin yaran shagona har yau ba ta ba mu abin da aka gina ta dominsa ba, rodin da ake yi a gida ma yawanci narkakken gwangwan ne da 'yan jari bola ke tarawa. In kuma mai ya tashi, kamar 2022 da aka fara yaƙin Rasha da Yukiren ganga ta haura dala 120, sai man gas ya tashi, lita ta haura naira 700, mu kuma da Lista muke aiki don wutar Nepa ba a dogara da ita. A 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafi ya tafi, fetur ya tashi daga ƙasa da 200 ya haura 500 cikin kwana biyu, masu ƙananan janareta suka zauna. A Afrilun 2024 aka ce 'yan Band A, wato waɗanda aka ce sun fi kowa samun wuta, za su biya naira 225 duk yunit. Ga matatar Kaduna a bayan gidanmu, tun 1980 aka buɗe ta, da can shaguna nawa ne ke ci a gefenta, ta yi shekaru ba ta tace komai. Mai gida da zai yi get bana sai yace bari sai baɗi, ko yace a rage kaurin ƙarfen, kai kuma kasan in ka rage sunanka ne zai lalace.

Shi ya sa maganar AKK da Kolmani nake so mu dube ta da idon basira. Ina murna da su har zuciyata, wa zai ƙi a ce gas ya iso Kaduna da Kano masana'antu su farfaɗo. An ƙaddamar da aikin bututun a 2020, kilomita 614 daga Ajaokuta, Kolmani kuma tsakanin Bauchi da Gombe marigayi Shugaba Buhari ya je da kansa a Nuwamban 2022. Amma shimfiɗa bututu aiki ne mai ƙarewa, ana binne shi a tashi sansani a tafi, waɗanda za su zauna kula da shi kaɗan ne. 'Yan uwanmu na Nijar sun ga haka, an gina matatar SORAZ kusa da Damagaram aka buɗe a 2011, aka ja bututu kusan kilomita 2000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a ƙasar Benin, lokacin gini ana ɗaukar mutane, da aka gama kowa ya kama gabansa. Wanda ya sayar da gonarsa ya sayi inji don aikin wata goma sha takwas, in aka tashi sansani wa zai wa walda da wannan ƙaton injin a ƙauye? Bahaushe yace guntun gatarinka ya fi sari ka bani, kuma kwangilar mai sari ka bani ce, ranar da mai ita ya so yake karɓe abarsa.

Ban ce kar a karɓi aikin ba fa. In ya zo a karɓa, a yi shi da kyau a nuna musu arewa akwai hannu. Amma a yi hayar inji maimakon saye har sai an ga kuɗin farko ya shigo asusu, a nemi kafin alƙalami ko da na kuɗin ƙarfe ne, wanda ya ƙi bayarwa tun farko to ka san irin biyan da zai yi a ƙarshe. Kar mutum ɗaya ya zama shi kaɗai ne mai baka aiki. Kuma ko aikin miliyan nawa ne a gabanka, ka ware yaro ɗaya da inji ɗaya a bakin ƙofa saboda mai baro da mai injin markaɗe, don su ne za ka tarar ranar da waya ta daina ƙara. In da hali mu haɗu mu biyar ko goma mu yi adashi mu sayi babban inji ɗaya na ƙungiya, in asara ta zo ta rabu a kan mutum goma.

Su kuma hukumomi roƙona biyu ne. Dokar 2010 ta ce a cire kashi 1 cikin 100 na duk kwangilar haƙar mai a zuba a asusun bunƙasa 'yan ƙasa, to mu na ƙarshen layi ba rance muka fi buƙata ba, takardun da ake nema ma kafin a baka sun fi ƙarfin mai rumfa. A sa doka mai haƙori cewa duk ɗan kwangilar da aka biya, ya biya na ƙasa da shi cikin kwanaki sanannu, in ya ƙi a samu ofishin da mai walda zai shiga da silifas ɗinsa ya kai ƙara ba sai ya ɗauki lauya ba, kuma a hana wancan sabon aiki har sai ya sauke haƙƙin mutane. Da akwai wannan a 2016 da ban rufe shago ba, da yara goma sha huɗu ba su watse ba. Na biyu takardar shaida. Akwai yara a Panteka da Kano da Zariya da Gombe da in aka basu wata uku na horo za su ci 6G, amma ni a kudu na yi tawa, yara biyun da na tura su ma kudu suka je, kuɗin mota da masauki da na jarrabawa ya fi ƙarfin talaka. Cibiyar horar da ma'aikatan mai tana Effurun kusa da Warri tun shekarun 1970. In da gaske ake za a haƙi mai a Kolmani, a kawo wurin gwaji da na'urar ɗaukar hoton walda nan kusa, in ba haka ba ranar ɗaukar aiki za a ce ba mu da takarda, a kawo wasu daga nesa, yaranmu su ƙare a haƙar rami da gadi.

Shi ƙanin nawa da ya zo shawara bai yanke hukunci ba tukuna, yace zai yi istihara ya kuma tambayi mahaifiyarsa, na ce masa ya je ya nemi wanda ya yi masa alkawarin ya nuna masa takardar oda da sunansa a jiki kafin ya kira dillalin fili. Malam Edita, ina roƙo ku turo wakilinku Panteka ya zauna da mu ko na wuni ɗaya ne, ya tambayi mutane nawa ne suka dawo daga Fatakwal da Warri da Eket da takardun bashin da har yau ba a biya su ba. Nawa suna nan a cikin leda a ƙasan akwati, da sa hannu da hatimi, duk wanda ya zo zan nuna masa.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Wani mai walda daga Kaduna